Inci Biyu Ba Kwata

Yayana mai salansa ne. Idan ka shiga layin gareji ka ce mai salansa kake nema, mutum biyar za a nuna maka. Amma ka ce Inci-da-Rabi, nan take za a ce, "Rumfar ƙarshe, sai dai ka shirya jin baƙar magana." Shekara talatin da huɗu yana lanƙwasa bututu yana liƙewa, ni kuma shekara ashirin da biyu ina gyaran inji a ɗaya rabin rumfar. Kwanon rufi ne kawai ya raba mu, wanda tsayinsa bai wuce ƙirjina ba. Ina jin tarinsa, yana jin tsakina. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma ban taɓa haɗuwa da ɗan adam mai ƙona mini rai kamarsa ba.

Bari in ba shi haƙƙinsa tun da wuri, kada a ce haushi ya rufe mini ido. Lokacin da Baba ya rasu shekararsa sha shida, ni ina da shida. Ya ajiye makaranta ya shiga wurin wani mai walda, yana toshe hujin salansar motocin haya daga safe har yamma. Shi ya riƙe Inna, shi ya tsaya wa ƙannenmu mata biyu har suka yi gidajensu, shi ya kama hannuna ya kai ni koyon aikin inji. Bai taɓa goranta mini ba, ko sau ɗaya. Da ma ya goranta, da na san inda zan rama. Abin da yake yi ya fi gori ciwo, domin har yau kallon ɗan shekara shida yake mini. Ga furfura a haɓata, 'yata ta fari ta gama sakandare, amma idan na ɗaure noti a gaban mai mota sai ya zagayo da sufana, ya gwada, ya koma ɓangarensa. Na taɓa yi wa ƙofar gidana fenti da hannuna. Washegari da na dawo aiki na tarar ya biyo ya sake shafawa, wai na bar zane.

Gajere ne, mai kauri, damatsansa duk ɗigon ƙuna. Ba shi da rigar da tartsatsi bai huda ba, matarsa ta gaji da mita ta zuba masa ido. Kullum da guntun alli a bayan kunnensa. A ɓangarensa bututai ne rataye a ƙusoshi, daga siriri zuwa mai faɗi, kuma idan ka taɓa ɗaya ka mayar ba a wurinsa ba, sai ka ji suna a bakinsa wanda uwarka ba ta raɗa maka ba. Ba ya lanƙwasa bututu da inji. Yashi yake cika shi da shi, ya toshe bakin, ya gasa shi har ya yi ja, sannan ya juya shi a hankali don kada gwiwar ta matse. Aikin da wani zai yi a yini ɗaya shi sai ya kwana huɗu a kai.

Ba a kan salansar kanta ya yi suna ba. Akwai bututan nan huɗu da ke fitowa daga jikin inji, kowane silinda da nasa, su karkata su haɗe su zama ɗaya kafin su nufi bayan mota. Shi yatsu yake ce musu, mu ma duk muka ɗauka. Duk wanda ya ƙara wa injinsa ƙarfi dole ya sake yatsu, domin na kamfani ba sa fitar da hayakin da sabon injin ke turowa. Kuma kusan duk wanda ya zo, mai faɗi yake so, a ganinsa ƙaton bututu shi ne ƙaton ƙarfi. Yaya ba ya bayani sai ya ga dama, amma na ji shi sau da yawa ta bayan kwanon. Ya ce hayaki kamar ruwan tiyo ne. Idan bututun ya yi faɗi sai ya tafi yana rangaji, mota ta yi nawa wajen tashi. Idan ya matse daidai sai ya fita a guje har ya jawo na bayansa. Idan kuma ya matse da yawa, da zarar inji ya ɗau kuka sosai sai ya shaƙe. Wannan kowa a sana'ar ya sani. Abin da ya bambanta shi, ba ya fara buɗe bonet. Sai ya shiga gefen direba ya ce a ja, ya zuba wa ƙafar mutum ido, ya zuba wa allurar agogon inji ido, a je a dawo.

"Maigida, inci biyu nake so," in ji mai mota.

"Kai da kake canza giya allura tana kan huɗu? Inci da rabi. Shi ma ya yi wa ƙafarka yawa."

"Ai kuɗina ne."

"To ɗauki kuɗinka ka cusa a salansar, ka ga ko za ta yi gudu."

Cikin mutum huɗu, uku amsar da suke samu ke nan, shi ya sa sunan ya bi shi. Kuma ba ya ba da aikinsa a hannu. Shi zai ƙera, shi zai ɗaura a mota da kansa, ko ka bari.

To ni ma ina da mota. Gawarta na saya, ƙarama, mai silinda huɗu, ba gilashi ba kujerar baya. Shekara biyu ina binta duk ranar da ba aiki. Na kai aka faɗaɗa silinda, na sake kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, na goge hanyoyin iska da hannuna har fatar yatsuna ta saɓule, na ɗora mata kafireta biyu. Injin ya fito irin wanda ba ya farkawa sai allura ta wuce biyar, daga nan kuma ya yi ta ihu har bakwai da rabi. Akwai ƙungiyar masu tseren mota da ke haɗuwa a tsohon filin jirgi Asabar ɗin farko ta kowane wata, da safe, mota biyu biyu, mita ɗari huɗu. Wani likitan haƙori ne ya shekara uku yana cinye kowa a rukuninmu, da injin da ya saya a haɗe. Ya taɓa leƙowa rumfarmu ya tambaye ni ko kwandon sharar nan na sayarwa ne. Ina son in kayar da shi, gaskiya ne. Amma abin da ya fi damuna ba shi ba ne. So nake a ce akwai abu ɗaya a duniya da na yanke shawararsa daga farko har ƙarshe, ba hannun Yaya a ciki, kuma ya fito daidai.

Sai dai ni ban iya lanƙwasa bututu ba. Na zauna na yi lissafina, girman silinda, inda injin ke da ƙarfi, na sake na kuma sakewa, amsa ɗaya take fitowa: inci biyu ba kwata. Na rubuta a takarda na miƙa masa ta saman kwanon. Ko kallonta bai yi ba. Ya goge hannu ya ce, "Tashi motar."

Muka hau titin bayan ma'ajiyar siminti, wanda ba kowa a kansa ranar hutu. Na taka iya takawata, sau uku muna zuwa muna dawowa. Da na tsaya sai ya ce, "Injin ya yi."

Na juyo na dube shi. Tunda nake bai taɓa ce wa aikina ya yi ba. Ban gama jin daɗin ba ya ƙarasa.

"Injin biyu ba kwata yake so. Kai ne ba ka so."

"Kamar yaya?"

"Kana sakin totur a biyar da rabi. Sau tara ka canza giya, sau tara ka saki a nan. Kai ka haɗa shi, ka san kowane noti, tsoro kake kada ya tarwatse. Wanda ya saya a haɗe ba ruwansa, takawa yake. Inci da rabi."

"Yaya, matsoraci kake ce mini?"

"Ni ƙafarka na ce."

"Motata ce, injina ne, lissafina ne."

"Inci da rabi."

Na fito na buga ƙofar har sai da madubin ya karkace. Na ce masa shekara arba'in ina shan raininsa, na ce masa ba shi kaɗai Allah ya ba kai ba, na ce masa gobe da safe zan kai wa Ɗan Tsito, mai waldar bakin layi, ya yi mini abin da nake so ba tare da ya auna mini zuciya ba. Ya daɗe a zaune cikin motar yana kallon gaba. Sannan ya sauko.

"Kada ka kai wa mai liƙin bokitin nan. Biyu ba kwata ka ce?"

"Biyu ba kwata."

"To."

Da ina da wayo da tun a nan na tsargu. Mutumin da ko Inna ba ya ce wa to sai sun yi sa-in-sa, shi ne ya ce mini to a tsaye a bakin titi. Amma daɗin na ci shi da baki ya hana ni tunani.

Kwana biyar ya yi, ya rataya tamfol a kan kwanon, wai tartsatsi. Ranar da zai ɗaura na tafi ɗauko tayoyi, kafin in dawo ya gama har ya wanke hannu. Yatsun sun yi kyau, ba zan ɓoye ba, huɗu reras tsayi ɗaya, liƙin kamar an ɗinka. Na ɗauko ma'aunina mai baki na kama kowanne a gabansa, da gangan, a hankali. Inci biyu ba kwata cif, duka huɗun. Ya yi mini kallon hadarin kaji ya koma kan aikinsa.

Ranar Asabar motar ta tashi kamar an harbo ta. Ban ma san lokacin da na sa giya ta uku ba, na dai ga likitan haƙori a madubi. Tsayin mota ɗaya da rabi na ba shi. Na fito, mutane suka yi mini ca, kowa yana son a buɗe bonet. Na buɗe, na nuna yatsun, na faɗi awonsu da ƙarfi don na nesa ya ji.

Daga nan bakina ya buɗe, wata shida bai rufe ba. Ba abin alfahari ba ne, amma haka aka yi. Duk wanda ya zo wurin Yaya ya ji inci da rabi, sai in leƙo ta saman kwanon in ce, "Ka tambaye shi nawa ne a tawa." A wurin mai shayi na kwaikwayi muryarsa, na sa alli a kunne, aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Na ce zamani ya wuce shi, awo ɗaya ya haddace tun yana yaro yake ta maimaitawa. Samari suka fara kirana Biyu-ba-Kwata, ni kuwa baki har kunne. Wasu masu mota suka daina zuwa wurinsa. Matarsa ta tare ni a gidan Inna ta ce, "Ƙanena, ka ji tsoron Allah, yayanka ne fa." Na ce ai gaskiya na faɗa. Shi kuwa ko ɗaga kai bai yi ba, yana ta cika bututu da yashi. Na ɗauka kunya ce ta kama shi, kuma na ji daɗin hakan har cikin raina.

Sai ga likitan haƙori da kansa ya kawo mini motarsa. Ya ce in yi masa irin nawa sak. Na yi masa, kamshaf, kafireta, komai. Yatsu kuwa na rantse ba zan sake roƙon Yaya ba, na tura shi wurin Ɗan Tsito da awona a takarda. Aka ɗaura, muka je gwaji. Motar ta tashi kamar mai ciwon baya. Sai allura ta haura shida take tunawa da cewa mota ce, kafin nan kuwa rabin filin ya wuce. Likita ya cika ya batse, ya ce na ɓata masa inji da gangan don kada ya kamo ni. Na ce laifin Ɗan Tsito ne, gwiwoyinsa sun matse, bari in kwance nawa in kai masa ya ga yadda ake aiki.

Da na kwance notin ƙarshe yatsun suka sauko mini a hannu, sai na ji nauyi. Na ji, amma ban tsaya ba, hankalina yana kan yadda zan wanke kaina. Na saɓa su a kafaɗa na bi layin da rana tsaka, likita yana biye da ni, 'yan kallo suna biye da shi. Na dire su a kan teburin Ɗan Tsito na ce, "Ga shi, buɗe idonka ka koya."

Ya ɗaga, ya jinjina, ya ajiye. Ya juya bakin bututun wajen haske ya leƙa. Sannan ya ɗauko ma'auninsa, maimakon ya kama ta waje sai ya zura ta ciki.

"Wa ya ce maka wannan biyu ba kwata ne?"

"Ni na auna."

"Ta waje ka auna. Dubi kaurin ƙarfen nan, kamar na famfo. Cikinsa inci da rabi ne, ɗan'uwa. Ko gashi bai ƙaru ba."

Sai wani ya tuntsire da dariya daga baya, sauran suka kama. Likita ya karɓi ma'aunin ya zura da kansa, bututu ɗaya bayan ɗaya, kamar yana duba bakin majinyaci. Ni dai na tsaya, ji nake ina ma ƙasa ta tsage in shige.

Ban san yadda na dawo rumfa ba. Na jefar da yatsun a gabansa suka yi ƙara a kan siminti. Ya kashe wutar walda ya ɗaga gilashin fuskarsa.

"Za ka lotsa su."

"Ka cuce ni, Yaya."

"Biyu ba kwata ka ce. Ba ka ce ciki ko waje ba."

"Kada ka raina mini hankali! Ka san abin da nake nufi."

"Na sani. Ka ci tseren ko ba ka ci ba?"

"Ba ni na ci ba, kai ka ci! Wata shida ina yawo da sunan da ba nawa ba, kana zaune kana kallona ina haƙa wa kaina rami."

"Wata shida kana zagina a wurin mai shayi, ka ji na ce wani abu? Shekara biyu ka yi a kan injin nan. In bar ka ka je gaban mutane likitan haƙori ya yi maka dariya?"

"E! Ka bar ni! Da ka bar ni na faɗi da bututuna, da faɗuwar ma tawa ce. Ko kuskure ba za ka bar ni in yi da kaina ba?"

Ya dube ni kamar na yi wani yare. Na rantse bai gane ba, kuma har gobe ba zai gane ba. A wurinsa alheri ya yi mini, ya kuma haƙura da zagina a kai, me ya rage in ba godiya ba? Ya sauke gilashin ya kunna wutarsa.

Na sa Ɗan Tsito ya yi mini biyu ba kwata na gaskiya, da siririn ƙarfe, na tsaya a kansa har ya gama, na auna ciki da waje. Ni na ɗaura da hannuna. Likita kuwa tun washegarin abin ya lallaɓa wurin Yaya, suka yi zagayensu a mota, ya sha baƙar maganarsa ya fito da yatsu sababbi. A gabana aka ɗaura masa, a injin da ni na haɗa.

Asabar ta zo aka jera mu. Na yi wa kaina alkawari ba zan saki totur ba sai allura ta taɓa bakwai, ko injin zai watse a fuskata. A giya ta ɗaya na riƙe. Motar ta yi nawa da fari, sannan ta farka, ta yi wani kuka da ban taɓa ji ba, ta manna ni da kujera. Lissafina daidai ne, na ji shi a bayana, daƙiƙa biyu ko uku. A giya ta biyu kukan ya hau, na tuna fistan na uku da na ɗan yi shakkar zamansa, na tuna shekara biyuna, kafin in ankara ƙafata ta ɗaga da kanta. Na duba allura, biyar da rabi. Motar ta yi sanyi, likita ya wuce, kuma ban sake kamo shi ba. Tsayin mota biyu ya ba ni.

Yaya bai zo filin ba, bai taɓa zuwa ba. Da na dawo rumfa da hantsi na tarar da yatsunsa masu nauyi a kan teburina. Ya gyara inda suka lotse, ya goge su, ya ɗora sabon gaskit a kai da noti takwas a jere. Yana can ɓangarensa ya ba ni baya yana gasa bututu.

Na ɗaure su a bakin teburi, na jona injin yankan ƙarfe. Da ya ji ƙarar ya juyo, ya matso ya dafa kwanon da hannu biyu. Aikin kwana biyar ne, kuma ban taɓa ganin ya yi wanda ya fi shi kyau ba. Na ɗora faifan injin a kan yatsa na farko ina kallon cikin idonsa, ina jira ya yi ihu, ya zage ni, ya tsallako ya shaƙe ni kamar yadda namiji ke yi wa namiji ɗan'uwansa. Tartsatsi ya fara tashi. Ya buɗe baki, na sassauta don in ji.

"Sa tabarau," in ji shi. "Zai shiga idonka."

Na kashe injin, na ɗauko tabarau na sa, sannan na yanka su gunduwa-gunduwa yana tsaye. Har yau idan na tuna, ba faɗuwar ce take hana ni sakewa ba, tabaran nan ne da na sa.